Likitan da ya bi diddigin tarihin fatsa

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili in ja hankalin masu karatu ga aikin Dakta Andrew Herd, likitan da ya yi aiki a yankin Durham na arewacin Ingila, wanda bayan duba marasa lafiya ya duƙufa kan binciken tarihin kamun kifi da fatsa, musamman irin wadda ake ɗaura wa ƙugiya gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, maimakon a sa mata tana.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake bin kowane zance har tushensa. Wajen shekara ta 200 miladiyya, wani marubucin Rum mai suna Aelian ya bayyana yadda masuntan Makidoniya ke naɗa jan ulu a jikin ƙugiya, su haɗa da gashi biyu daga ƙarƙashin haɓar zakara, su jefa a saman ruwa da sanda mai tsawon ƙafa 6. Dakta Herd bai tsaya ga maimaita wannan labari ba, sai da ya shiga binciken ko wane kogi ne marubucin yake nufi. Haka kuma ya nazarci littafin fatsa da aka buga a Ingila a 1496, wanda ya lissafa irin waɗannan ƙwari 12, a zamanin da ake tufka igiyar fatsa da gashin wutsiyar doki.

Wannan aiki ya sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, domin mu ma muna da Sarkawa da Kabawa da suka gaji sana'ar kamun kifi kaka da kakanni. Tun 1934 ake bikin Argungu, amma duk lokacin da aka yi shi hoton giwan ruwa kaɗai jaridu ke nuna mana, ba a tambayar yadda ake saƙa homa, ko yadda ake gyara gora, ko yadda madatsar Kainji ta sauya sana'ar masuntan Yawuri bayan 1968. Dattawan da suka san amsar kuwa kullum raguwa suke yi.

Don haka ina roƙon ku tura wakili ya zauna da sarakunan ruwa na Argungu da Yawuri, ya naɗi bayanansu, ku riƙa buga mana su kashi-kashi.

Naku,
Mai karatu daga Birnin Kebbi