Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Legas: ku zo asibitocinmu da dare

Mai girma Kakakin Majalisa, Honorabul Mudashiru Obasa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran 'yan majalisa, daga Agege nake rubuto maka, garin da kake wakilta a Alausa, inda majalisa take a Ikeja. A nan aka haife ni. Fataucin goro ne ya kawo kakana daga Kano, zamanin da jirgin ƙasa ke lodin huhunan goro daga nan zuwa Arewa, kuma a nan aka binne shi. Ni malama ce a Islamiyyar matan aure. Da yake ina jin Yarabanci da ɗan Turanci, ƙofata ake bugawa da tsakar dare idan naƙuda ta zo wa wata da gardama. Na daina ƙirga kwanakin da gari ya waye mini a kan bencin asibiti.

Bari in ba ka labarin dare ɗaya. A daminar da ta wuce, wajen ƙarfe ɗaya, wani mahauci maƙwabcinmu ya taso ni, matarsa na kan gwiwa. Yarinyar ɗalibata ce, kuma ba ta taɓa fashin awo ba, katinta na hannuna. Muka kai ta wata ƙaramar cibiyar lafiya da allonta ya ce ana aiki dare da rana. Nas ɗaya muka tarar, ita kaɗai, babu wuta, janareto babu mai. Da fitilar wayata na haska mata har jaririya ta faɗo. Sai jini ya ƙi tsayawa. Nas ɗin nan ta yi iya yinta, Allah ya saka mata, amma ta gaya mini gaskiya: allurar tsayar da jini a firji ake ajiye ta, firjin kuwa ya kwana biyu a kashe, ba ta da tabbacin ko tana da sauran ƙarfi. Ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti. Motar ɗaukar marasa lafiya ba ta samu ba, a keke maruwa muka ɗauke ta, kanta a cinyata, zanena ya jiƙe sharkaf. Da muka isa, kafin a taɓa ta sai da aka miƙo mana takardar kafin alƙalami, da jerin abin da za mu sayo, tun daga safar hannu har ruwan ƙari, aka kuma ce mu nemo mai ba da jini. Mijin ya ruga masallaci ya tashi samarin da ke kwana a shirayi, aka yi karo-karo, biyu daga cikinsu suka ba da jini. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba. Sai da ta yi wata biyu ba ta iya ɗaukar bokitin ruwa ba.

Ban kawo wannan labari don a hukunta wata nas ko wani mai yankar kati ba, shi ya sa ban ambaci sunan asibiti ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, duk matakin da muka yi tuntuɓe a daren nan, akwai dokar da ta riga ta ce kada mu yi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili. Ita ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, don ƙananan cibiyoyi irin wadda muka fara zuwa su samu magani da abin gyara. Majalisarku ta yi dokar inshorar lafiya ta jiha a 2015, wadda ta haifar da hukumar LASHMA da shirin Ilera Eko, har da tanadin biya wa marasa galihu. A 2020 babbar kotun jihar nan, a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP ta shigar, ta yanke cewa ba a halatta a tilasta wa miji ya ba da jini ba a matsayin sharaɗin karɓar matarsa. A takarda dai Legas ba ta rasa komai ba. Abin tambaya shi ne, wa ke bin sawun takardar har ƙofar ɗakin haihuwa?

Tsarin mulkin 1999 ya amsa. Sashe na 128 ya ba majalisar jiha ikon bincikar duk ma'aikata ko hukumar da ke aiwatar da dokar da ta yi ko kashe kuɗin da ta ware, don tona asirin almundahana da sakaci da ɓarnar dukiya. Sashe na 129 ya ba ta ikon kiran kowa ya zo ya ba da shaida, in ya ƙi a sa 'yan sanda su kawo shi. Sashe na 125 ya ce babban mai binciken kuɗi na jiha gare ku zai miƙa rahotonsa. Ashe bulalar tana hannunku. Mun kuwa ga kun ɗaga ta: a watan Agustan 2023, cikin mutum 39 da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya aiko muku don naɗawa, kun ƙi amincewa da 17, har da Farfesa Akin Abayomi na ma'aikatar lafiya, sai da aka sake turo sunansa kuka wuce da shi. A lokacin, duk da cewa kujeru 38 cikin 40 na jam'iyyar gwamna ne, kowa ya shaida majalisar Legas ba 'yar amshin shata ba ce idan ta so. Irin wannan tsayuwar nake roƙon ku yi a kan firjin da ya kwana a kashe.

Na taɓa ganin ziyarar manya a wani asibiti. Tun ana saura kwana uku aka fara shafa fenti, aka yanke ciyawa, aka shimfiɗa sababbin zannuwan gado. Ranar da suka zo wuta ba ta ƙifta ba. Aka zagaya da su, aka ɗauki hotuna, kafin azahar sun tafi, kafin magariba janareton ya yi shiru. Ban zargi baƙin da mugun nufi ba, abin da aka nuna musu suka gani. Amma asibitin da muka sani shi ne na ƙarfe biyun dare, na ranar Lahadi, na lokacin da ruwa ya cika kwatoci. Ranka ya daɗe, zuwa da kai ya fi aike. Ka sa kwamitin lafiya na majalisa ya riƙa fita ba sanarwa, ba jiniya, da dare. Su ƙirga ma'aikatan da ke bakin aiki su gwada da jadawalin da ke manne a bango. Su buɗe firji su sa hannu. Su duba kantar magani su ga ko abin da aka rubuta a littafi yana nan. Su tambayi mai jinyar da ke zaune a waje nawa ta kashe tun shigowarta, ta nuna musu rasit. Legas na da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, 'yan majalisa kuwa 40 ne; da kowannenku zai ba da dare ɗaya a wata ga cibiyoyin mazaɓarsa, kafin shekara ta zagayo babu lungun da ba a leƙa ba.

Sai batun kuɗi. Kowace shekara muna jin adadin da aka ware wa lafiya a rediyo ranar da gwamna ya gabatar da kasafi, ana gwada shi da kashi 15 cikin 100 da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001. Wannan muhawara na da amfani, amma ware kuɗi daban, sakinsu daban, isarsu cibiya kuma wani abu ne na uku. Wanda ya shafe mu shi ne na ukun. Ƙananan cibiyoyin nan suna tsakanin hukumar lafiya matakin farko ta jiha da ƙananan hukumomi, ga kuma kason tarayya, shi ya sa idan janareto ya rasa mai kowa sai ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Majalisa ce kaɗai ke iya tara su duka a ɗaki ɗaya ta ce kowa ya kawo takardunsa. In kun yi haka, ku fitar da rahoton a fili, a sa shi a intanet, a kuma manna wa kowace cibiya nata a ƙofa: ga abin da ya shigo a wata uku, ga abin da aka saya. Rahoton da ya ƙare a durowa bai taɓa tsayar wa kowa da jini ba.

Haka ma Ilera Eko. A 2024 gwamna ya sa hannu a umarnin da ya mai da inshorar lafiya tilas ga mazauna jihar. Ni ina goyon baya, domin na ga gidajen da tiyata ɗaya ta cinye musu jari. Amma kafin a tilasta wa ɗan dako a kasuwar Mile 12, ko mai fawa a mahautar Oko-Oba, ko mai tura ruwa a Idi-Araba, ya kamata majalisa ta tambayi LASHMA a bainar jama'a: marasa galihu nawa aka biya wa, a waɗanne unguwanni, ta wace hanya aka zaɓo su, kuma wace takarda ake nema daga wanda ke kwana a rumfar kasuwa ba shi da adireshin gida? A ajina mata sun haura hamsin. Da na tambaye su, 'yan kaɗan ne suka taɓa jin sunan shirin, su ma sun ɗauka na ma'aikatan gwamnati ne.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari, wannan na yarda. A cikinmu akwai mazan da ke hana matansu awo, akwai masu zama da mara lafiya a gida ana jiƙe-jiƙe sai abu ya ƙazanta a kwaso shi, akwai masu gudun rigakafi. Muna faɗa da wannan a Islamiyya da masallatai, kuma ba za mu gaji ba. Sai dai duk macen da na lallashe ta ta je asibiti ta dawo da labarin duhu da tsawa, ta rusa mini wa'azin wata shida, don ba ita kaɗai za ta ƙi komawa ba, har da kishiyarta da maƙwabtanta.

Tsawar nan kuwa sau da yawa rashin fahimta ce ke kawo ta. Nas ta gaji, ita kaɗai ke yin aikin mutum uku tunda abokan aikinta sun tafi Ingila da Kanada da Saudiyya, ga mara lafiya ba ta jin abin da ake ce mata. Na ga wadda aka ce ta sha ƙwaya ɗaya sau uku, ta haɗiye uku lokaci guda. Majalisarku takan yi zamanta na ranar Alhamis da Yarabanci, abin da nake yabawa ƙwarai, don ya nuna kun san mutum ya fi faɗin ciwonsa da harshen uwarsa. To ku tuna da mu a wannan. Idan za a yi zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin lafiya ko wata doka, a sanar da sarakunan Hausawa da limamai tun da wuri, a samar da tafinta, a kuma fito da zaman daga Alausa wani lokaci a kawo shi Agege ko Mushin ko Ojo, inda mace mai goyo za ta iya zuwa da ƙafa. A cibiyoyin da ke unguwannin da muke da yawa, a ɗauki ma'aikacin lafiya ko ɗaya mai jin Hausa. 'Ya'yanmu da suka yi makarantar koyon aikin jinya suna nan zaune.

Kada wani ya ce wannan buƙatar baƙi ce. Muna biyan kuɗin rumfa da na tikiti kullum, muna kaɗa ƙuri'a a nan, kuma cuta ba ta tambayar asali. A 2014 Legas ta tare Ebola saboda Dakta Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamar Patrick Sawyer, wanda ya shigo da cutar daga Laberiya, daga asibiti a Obalende, ta rasa ranta a kan haka, sannan aka bi duk wanda ya yi hulɗa da masu cutar gida-gida. Kwalarar da ta ɓarke a watan Yunin 2024 ta fi tsanani a Tsibirin Legas, amma babu unguwar da ta yi barci da ido biyu rufe. Unguwar da ma'aikacin lafiya ba ya iya magana da mutanenta, nan annoba ke samun maɓoya, daga nan kuma ta hau motar haya ta nufi Ikeja.

Ranka ya daɗe, tun 2015 ka fara riƙe kujerar kakaki, ka san hanyoyin gidan nan fiye da kowa, ka kuma san lungunan Agege. Idan kwamitinku ya shirya fitowa, mu matan Islamiyya za mu raka su, mu nuna musu ƙofofin da muke bugawa. Ɗalibar tawa ta dawo aji da 'yarta a baya. Makon jiya ta tsaya bayan an tashi, ta raɗa mini cewa tana da wani cikin, ta tambaye ni ko wannan karon ta haihu a gida kawai. Na ce mata a'a, asibiti za mu je, ni zan raka ta.

Wassalam.

Taka mai fatan alheri,
Wata malamar Islamiyya, Agege, Legas.