Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Muhalli kan Tsarkake Gurɓataccen Ruwa da Enzayim

Mai Girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka wannan wasiƙa ne a matsayina na wanda ya daɗe yana auna ruwan da masana'antu ke zubarwa, domin in roƙi ma'aikatarka ta ɗauki maganar tsarkake ruwa da enzayim da muhimmanci, ta kuma gindaya mata sharuɗɗa tun kafin masu tallan kayan enzayim su riga ta bakin ƙofa.

Ranka ya daɗe, yawancin wuraren tace ruwan datti a duniya suna aiki ne da tsarin da wasu masana biyu, Ardern da Lockett, suka bayyana a birnin Manchester na Ingila a shekarar 1914, inda ake hura iska cikin manyan tankuna domin bakteriya su cinye ƙazantar. Tsarin yana aiki ƙwarai a kan najasa, amma rinin masaƙu da ragowar magunguna irin su diklofenak, waɗanda ke fita ta fitsarin mutane, sukan ratsa shi su shiga koguna kusan yadda suka zo.

A nan ne enzayim ke da rawar takawa. Enzayim sinadari ne da halitta ke haɗawa a jikinta domin ya kwance ko ya sauya wani sinadari cikin hanzari, ba tare da shi kansa ya ƙare a aikin ba. Duk wanda ya taɓa ganin kututturen da ya ruɓe ya yi fari, yana marmashewa a hannu, ya ga aikin naman gwarin da ke narkar da lignin, wato sinadarin da ke ba itace tauri. Ɗaya daga cikin makaman wannan naman gwari shi ne wani enzayim mai suna lakase, wanda wani masani ɗan Japan mai suna Yoshida ya fara ganowa a ƙaron wata bishiya ta Japan a 1883. Lakase yana ɗauke da jan ƙarfe a cikinsa, yana amfani da iskar oksijin da muke shaƙa, kuma abin da yake mayar da iskar shi ne ruwa. Da yake ginin rini da na wasu magunguna ya yi kama da na lignin, sai ya zama yana far musu kamar yadda yake far wa itace. Wani abin ƙarfafa gwiwa shi ne ana iya renon wannan naman gwari a kan garin katako da karan gona, abubuwan da ake rasa yadda za a yi da su.

Sai dai akwai abin da na gani da idona da nake so ka sani. Wata rana mun zuba bakteriya a cikin kwalbar ruwan jan rini, muka toshe bakinta, muka tafi gida. Washegari muka iske ruwan ya washe garau har ana iya karanta rubutun da ke bayan kwalbar, muka yi ta murna. Da muka zuba 'yan ƙwarin ruwan da muke gwada guba da su, kafin azahar duk sun nutse ƙasa, babu mai motsi. Dalili kuwa shi ne launin irin wannan rini yana fitowa ne daga wani ƙulli tsakanin ƙwayoyi biyu na sinadarin naiturojin, kuma idan enzayim ɗin bakteriya ya tsinke ƙullin launi ya ɓace, gutsattsarin da suka rage sinadarai ne da ake kira amin, waɗanda wasunsu ke haddasa cutar daji. Sai da aka sake bi da ruwan ta tankin da ake hura wa iska kafin gubar ta ragu. Tun daga ranar na daina yarda da duk rahoton da launi kaɗai ya auna.

Haka kuma enzayim ba ya hallaka ƙarfe. Dalma tana nan a matsayin dalma, kuma kuromiyam da ake samu a ruwan wasu masana'antu iyakar abin da enzayim zai yi shi ne sauya shi zuwa nau'i mai ƙarancin guba da ke kwantawa a ƙasan tanki, wanda dole a kwashe a killace. Shi kansa enzayim ɗin ba ya jure wahala, domin zafi da gishiri da yawan tsami suna kashe ƙarfinsa, alhali ruwan masaƙa cike yake da gishiri. Shi ya sa masana ke liƙa shi a jikin ƙananan ƙwallaye ko matata, domin kada ruwa ya tafi da shi, a kuma sake amfani da shi sau da dama.

Saboda haka roƙona shi ne ma'aikatarka ta kafa ƙaramin wurin gwaji a bakin magudanar wata masana'anta, inda masanan jami'a za su yi aiki da ainihin ruwan da ke fitowa har tsawon shekara guda, a matsayin matakin ƙarshe bayan tacewar da aka saba. Ina kuma roƙon a rubuta a ƙa'ida cewa ba za a amince da wani kayan enzayim ba sai an gwada ruwansa a kan halittu masu rai, an kuma bayyana sakamakon ga jama'a. Batun kuɗi ma akwai misalin dubawa: dokar ruwan datti da Tarayyar Turai ta sabunta a 2024 ta ɗora wa kamfanonin magunguna da na kayan kwalliya aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin cire ragowar magunguna da makamantansu daga ruwa.

Idan ka turo jami'anka ɗakin gwajinmu, a shirye muke mu maimaita musu gwajin kwalbar nan a gabansu, kwana biyu ya isa.

Naka cikin girmamawa,
Ma'aikaci a ɗakin gwajin ruwa