Ba Kowace Zufa Ce Ta Zafin Gari Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana kan larurar da nake fama da ita tun ina ɗan shekara 12. Tafin hannuna da na ƙafata ba sa bushewa, ko da tsakiyar hunturu ne. Ranar da na zauna jarrabawar WAEC sai da na shimfiɗa hankici ƙarƙashin hannuna don kada takarda ta jiƙe. Har yau, in aka idar da sallah aka fara musabaha, sai na goge hannu a jikin riga kafin in miƙa.

Na sha jiƙo, na sha sassaƙe. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce tsoro ne. Sai da na ga likitan fata ya fahimtar da ni cewa jijiyoyin da ke tayar da zufa ne suka cika aiki, kuma abin yakan bi jini. Haka hannun mahaifiyata yake kuwa. Irin wannan zufa tun yarinta take farawa, tana kama hannu biyu ko hammata biyu daidai wa daida, in an yi barci kuma sai ta tsaya.

Abin da ya taimake ni shi ne maganin shafawa mai sinadarin aluminium chloride. Turaren hammata wari kawai yake rufewa, wannan kuwa ƙofofin zufar yake toshewa. Da dare ake shafa shi a busasshiyar fata, a wanke da safe, kuma ban da wurin da aka aske, don yana zafi. Na rage yaji da shayi mai kauri, na bar yadin roba na koma na auduga. Akwai allurar Botox mai tsayar da ita na wasu watanni, amma kuɗinta ya fi ƙarfin malamin makaranta.

Sai dai ƙanena ne ya sa na ɗauki biro. Bara, cikin Afrilu, ya fara farkawa da dare riga sharkaf, har matashi ya jiƙe. Zafi ya haura digiri 40, ga rashin wuta, kowa ya ce yanayi ne. Ni da bakina na ce masa gadon gida ne, kuma wannan magana tana ci mini rai har yanzu. Damina ta sauka, gari ya yi sanyi, zufa ba ta tsaya ba. Ga tari, ga rama, abinci ya fita ransa. Da aka gwada majinarsa a asibitin gwamnati, ashe tarin fuka ne, wato tibi. Wata shida ya yi yana shan magani, kyauta, ya kuma warke, alhamdulillahi.

Zufar da ta zo wa babba kwatsam, ta game jiki duka, ko ta tashe shi daga barci, tana iya zama tibi, ko zazzaɓin cizon sauro, ko faɗuwar suga ga mai ciwon suga, ko ɗaukewar al'ada ga iyayenmu mata, har da illar ƙwayoyi irin su tramadol. Man shafawa ba ya maganin ko ɗaya. Mai irin wannan zufa, musamman in tari ya kai masa sati biyu, ya je a gwada shi.

Ina fatan za ka gayyato likita ya yi bayani a shafinku na lafiya kafin bazara ta shigo.

Naka,
Wani malamin sakandare, Gusau