Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Bunƙasa Ƙarafa: a gwada danƙon tsirrai a Jos kafin a kai shi Ajaokuta

Mai girma Minista, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Duk ranar da aka kunna babban tanderun Ajaokuta, tamar Itakpe ba za ta narke ba sai da kok, wato kwal ɗin da aka gasa ba iska a zafin digiri 1,000 zuwa 1,100 har ya daskare ya yi tauri. Nan gizo ke saƙa. Kwal ɗin Inugu da na Okaba ba sa narkewa su manne, gari suke fitowa. Na Lafiya-Obi yana mannewa, amma toka da farar wuta sun yi masa yawa. Shi ya sa ake ta maganar cura kwal ɗinmu da danƙon tsirrai, a gauraya da na waje, a rage kuɗin shigo da shi. Muna goyon baya, amma da sharaɗi.

Aikin ba wuya a ido. A niƙa kwal ya koma ƙasa da milimita 3, a zuba danƙo, a matse da inji ya zama curi, a busar, a haɗa da sauran kwal a ɗura a tanda. Sitacin rogo, wanda Kogi ke da shi a yalwace, yana riƙe curi da kyau muddin yana sanyi. To amma yana ƙonewa wajen digiri 300, alhali kwal bai fara laushi sai ya haura 350. Kafin a zo inda ake bukatarsa, ya riga ya tafi. Baƙin madin da ke saura a masana'antar sukari, irin ta Numan, yana da araha kuma yana kamawa idan an sa masa farar ƙasa, sai dai yana ɗauke da fotash, wani sinadari da ke cikin tokar tsirrai. Fotash kuwa yana cin bulon tanderu, yana kuma sa kok ya rugurguje tun bai kai ƙasan tanderu ba, garinsa ya toshe hanyar iska. Laginin, sinadarin da ke ba itace tauri, ya fi su barin gawayi bayan gashi, shi ya fi cancantar a sa masa ido.

Akwai aibin da duk suka yi tarayya a kai: iskar oksijin da ke jikinsu tana rage narkewar kwal mai kyau. Ɗanyen tsiro in ya wuce kashi kaɗan cikin ɗari, ƙarfin kok ya faɗi.

Ranka ya daɗe, kada a karɓi curi don an jefa shi ƙasa bai fashe ba. Gwajin gaskiya shi ne a ɗauki giram 200 na kok, a hura masa iskar kabon dayokzaid a digiri 1,100 na awa 2, sannan a juya shi sau 600 a ganga. Abin da ya ƙone kada ya wuce kashi 30, wanda ya tsaya da ƙwari kuma ya haura kashi 60.

Roƙonmu shi ne a ba Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa da ke Jos kuɗi da ƙaramar tandar gwaji mai aiki. A fara da danƙo kashi 2 cikin ɗari, a riƙa ƙarawa, a gwama wani da kwalta, kowane gauraye a auna tokarsa da farar wutarsa da fotash ɗinsa. Sakamakon kuma a buga shi a fili kafin a sa hannu a kwangilar sayen ko buhu ɗaya.

Naka cikin girmamawa,
Wasu injiniyoyin narka ƙarfe