Abin da muke yi a lambu ba farfaganda ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai sauraron shirinku na noma ne tun ba yau ba, sana'ata kuwa renon dashe. Ran Talatar da ta wuce ina cika ledoji da ƙasa da taki, rediyo na rataye a reshen goba, sai na ji an fassara kalmar Turanci "propagation" da "farfaganda", har aka ce za a koya wa matasa farfagandar tsirrai. Yaron da ke taya ni aiki ya ɗago kai ya ce, "Baba, me suke nufi?" Shi dai a bakin 'yan siyasa ya san kalmar.

Ban ga laifin mai fassarar sosai ba, domin kalmomin biyu uwa ɗaya uba ɗaya suke. Asalinsu Latin ne, harshen Rumawan da. Manoman inabi a can sukan lanƙwaso reshe su binne tsakiyarsa a ƙasa ba tare da sun raba shi da uwar ba. In ya yi saiwa sai a yanke, ya tsaya da ƙafarsa. Wannan reshe shi ne "propago", aikin kuma "propagare". Turawan Ingila sun ari kalmar "propagation" a ƙarni na 15 da ma'anar abu ya haifi irinsa ya yawaita, tsiro ne ko dabba.

A 1622 Fafaroma Gregory na 15 ya kafa wata majalisa a birnin Rum mai suna "Congregatio de Propaganda Fide", wato majalisar yaɗa addini. A lokacin kalmar ba ta da wani aibi. Ta fara wari ne sosai a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da gwamnatoci suka riƙa ƙaga labarai a kan abokan gaba, sannan a 1933 Hitler ya buɗe ma'aikata guda da wannan suna ya danƙa wa ministansa Goebbels. Wannan gurɓatacciyar ce ta iso mana muka ce farfaganda. 'Yar'uwarta kuwa, wato "propagation", tana nan da tsabtarta. Injiniyoyinku ma da ita suke bayanin yadda gajeren zango ke dukan sama ya dawo ƙasa har ya tarar da mu a ƙauye, kuma a nan "yaɗuwa" ta wadatar.

Abin da ya fi damuna shi ne, Hausa ba ta rasa kalma a wannan fanni ba ko kaɗan. Gero shuka shi ake yi. Tumatir da albasa a yi reno a dasa. Rogo a sassara karansa a soka a kunya, dankali a tsinko yaɗonsa a binne. Mangwaro kuwa aure ake yi masa: a fiƙe ɗan reshen mai daɗi, a tsaga kan na gida, a haɗa su a naɗe da leda tam, shi ya sa ake ce masa ɗan aure. Duk waɗannan Bature ya tara su a kalma ɗaya, mu kowanne da sunansa. In kuma dole sai an yi musu jimla, a ce "hanyoyin yawaita tsirrai", kowa zai gane.

Don Allah a gyara a shiri mai zuwa, domin matasan da kuke son jawowa suna saurare. In da hali kuma, a gayyato mai lambu ko ɗaya ya zauna da mai gabatarwa kafin a shiga ɗakin watsa shiri.

Na gode.

Naku,
Wani mai renon dashe daga Zariya