Sharar Kano a da gona take komawa

Ya Mai Girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in tsoma baki kan kiraye-kirayen da ake yi na a dawo da duba-gari, tun da damina ta kama kuma kwatoci sun fara cika.

Gaskiya ne a zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, duba-gari yana da kwarjini, domin yakan shiga gida ya leƙa randa, ya duba kwata da masai, kuma idan ya ga tsutsa a ruwa sai maigida ya biya tara. Amma a ganina ba tsoronsa kaɗai ne ya tsaftace birnin Kano ba. Sharar wancan lokaci toka ce da kashin awaki da tumaki da ɓawon gyaɗa da karan dawa, abubuwan da manomi ke nema ruwa a jallo. Da rani mutanen karkara, daga wajen Ungogo da Kumbotso da Gezawa, sukan shigo da jakuna ɗauke da itace, su sayar, sannan su cika mangala da taki daga juji su koma da shi gona. Wannan takin yana daga cikin abin da ya sa gonakin kewayen birni suke ba da amfani kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Juji dukiya ne a lokacin, har mai shi yakan sa masa ido.

An rushe En'e a 1976, aikin ya koma hannun ƙananan hukumomi. Daga baya shirin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon, wanda aka fara a 1984, ya kawo sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. An yi ta shara kuwa, sai dai leda ta riga ta fara korar kwarya da ganye daga kasuwa, ita kuma ba ta ruɓewa, ga shi tana kashe dabbar da ta haɗiye ta. Manomin da aka juye wa irin wannan shara sai ya yi kwanaki yana tsince leda da kwalba.

Saboda haka ina roƙon hukuma, idan za ta dawo da duba-gari, ta sa aikinsa na farko ya zama tabbatar da cewa kowane gida ya ware leda daban, a miƙa ta ga 'yan bola-jari, toka da kashin dabbobi kuma a bar wa manoma.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano