Baƙi na zuwa Kajuru, kuɗinsu na kwana a Kaduna

Malam Edita, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni direban bas ne, kuma yawancin aikina shata ce: 'yan biki, ɗalibai, ma'aikatan da suka haɗa kuɗi don su sha iska. Cikin wuraren da na fi kai mutane akwai gidan dutsen nan da ake kira Kajuru Castle, wanda wani Bajamushe mazaunin Kaduna, Gerhard Huebner, ya gina a kan tudu cikin shekarun 1980, da hasumiyoyi irin na gidajen sarakunan Turai na da. Tafiyar kilomita 45 ce ko kusa da haka daga cikin gari, ta hanyar Kachia, a wuce Kujama a kai Kasuwan Magani. Wurin yana da kyau, ba musu. Amma ba kyansa ne ya sa na ɗauki biro ba.

Zo ka ga yadda ake loda motata da sassafe. Kuloli cike da dafa-duka da soyayyun kaji, ƙanƙara, buhunan fiya wata, katan-katan na lemo, duk an saye su a cikin Kaduna tun daren jiya. Wata rana har da rabin buhun gawayi aka ɗora mini a but, wai za a gasa nama. Na ce wa shugaban tafiyar, "Yallaɓai, gawayi za mu kai Kajuru?" Ya ce to ina ya san za a samu. Ba mu yi nisa da Kujama ba sai ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran motar da za ta kai su Kaduna. Aka yi dariya aka wuce. Ni kam abin ya tsaya mini a rai, domin mutum goma sha takwas ne a motar, kowa da kuɗin kashewa a aljihu, suka wuni suka dawo, in ban da wani yaro da ya sayi rake ban ga wanda ya bar wa mutanen yankin ko sisi ba.

Kada a ce baƙin ne ke da rowa. Na ga wata Hajiya 'yar Abuja ta sa na tsaya don wani dattijo mai zuma. Ta ɗanɗana, ta ce a ba ta kwalba biyar. Baba yana da ɗaya da rabi, a tsohuwar robar lemo mai murfin da aka ɗaure da leda. Ta ce za ta yi taransfa, ba shi da asusu. Ta ce ya ba ta lamba ta aiko daga baya, wayar ta ɗansa ce, ɗan kuma yana gona. Haka ta karɓi ɗaya da 'yan canjin da ke jakarta. Zumar nan, wallahi, ta fi wadda ake sayarwa a manyan kantuna da takarda manne a jiki.

Ga wani abin da ban ji kowa na faɗa ba. Kasuwan Magani ranar Alhamis take ci, su kuwa masu yawon shaƙatawa Asabar da Lahadi suke fitowa. Ranar da kaya ke nan babu baƙi, ranar da baƙi ke nan masu kaya suna gida. Mu direbobi kuma tun Laraba mun san wa zai tafi ranar Asabar, mutum nawa ne, ƙarfe nawa za mu iso. Da a ce akwai lambar waya ɗaya tak da zan kira in ce a tanadi waina da miyar taushe ta mutum ashirin, fura da nono a roba mai murfi, da kaji biyar a gasa, da na daina ɗaukar kuloli suna karya mini sifirin.

Da an ta da maganar nan sai ka ji an ce sai gwamnati ta zo. Gwamnati na da nata: hanya da tsaro. Amma rumfa ta kwano huɗu, benci, bokitin wanke hannu da banɗaki mai tsabta ba sa jiran kasafin kuɗi. Mata goma in suka yi zubin adashe na wata uku sun tashi rumfar. Saurayi ɗaya mai POS ya zauna kusa da su ƙarshen mako, matsalar Baba mai zuma ta ƙare. Samarin da ke zaune a kan acaɓa a mararraba sun san kowane dutse da kowane rafi na wurin, sun fi kowa dacewa da yi wa baƙo jagora, in an yi musu rajista wurin dagaci an san fuskar kowa.

Ban manta da abin da ke zukatan mutane ba. Rikicin Kasuwan Magani na Oktoban 2018 ya ci rayuka, sannan a Afrilun 2019 'yan bindiga suka kai hari gidan dutsen kansa, suka kashe mutum biyu, ɗaya Baturiyar Ingila mai aikin agaji. Bayan nan shata ta mutu murus, na yi watanni ban doshi wajen ba, kuma har yau in magariba ta kusa ba na yarda ta same ni a hanyar. Sai dai abin da na lura da shi a yawon tuƙi, garin da ke cin abinci daga baƙo shi ke fara sa ido a kan baƙuwar fuskar da ke leƙen hanya. In Ba'adare mai doya da Bafulatana mai nono da Bahaushe mai tsire suna layi ɗaya suna jiran mota ɗaya, kowannensu na da abin da zai yi asara ranar da motar ta daina zuwa.

Abin da na faɗa a kan Kajuru ya shafi wurin faɗuwar ruwa na Matsirga da ke wajen Kafanchan, da Kagoro da ke cika ranar 1 ga Janairu don bikin gargajiya na Afan. Amma bari in tsaya inda na fi sani.

Roƙona ga kansilolin yankin da iyayenmu hakimai: a ware ɗan fili a bakin hanya, kada a fara da yanka wa mata rasit tun ba su sayar da waina ɗaya ba. 'Yan'uwana direbobi kuma, mu riƙa karɓar lambar masu sana'ar da muka tsaya wurinsu. Ni dai na karɓi ta ɗan Baba mai zuma. Ina da shatar 'yan biki bayan Sallah, na kuma riga na gaya musu ba zan ɗauki gawayi ba.

Naka mai karatu kullum,
Wani direban shata, Sabon Tasha, Kaduna.